Ciwon Ƙafa a Cikina na Uku

Cikina na uku ya zo ne shekara uku bayan annobar da ta share shanun ƙasarmu, tun Nasara ba su iso ba. Muna zaune a Madarumfa, a unguwar da ke kallon tafki. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da uwarsa wadda nake kira Inna. Maigidana manomi ne da damina, in ruwa ya ɗauke kuma sai ya ɗauki gorarsa da komarsa ya shiga tafki su. Inna ita ce ungozomar unguwar. Yawancin yaran da ke wanka a bakin ruwa ita ta yanke musu cibiya.

Haihuwa biyu na yi kafin nan. Ta fari mace ce, tana hannun gwaggota a garin Ɗan Issa tun da aka yaye ta. Na biyu namiji, zazzaɓi ya ɗauke shi yana koyon tafiya. Saboda haka wannan cikin kowa ya sa masa ido, Inna ta fi kowa. Ta hana ni cin abu mai zaƙi, ta hana ni fita da tsakar rana, kullum da safe sai ta ɗora tafinta a kan cibiyata ta yi shiru tana saurare da hannu.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen wata na bakwai, hatsi ya fara nuna. Na sunkuya a bakin tafki zan ɗauki tulu, sai na ji kamar an soka mini tsinke mai zafi a ɗuwawun hagu. Zafin ya bi bayan cinyata, ya gangara ta sha-raɓa, bai tsaya ba sai a ƙaramin yatsa. Na saki tulun na dafa gwiwa. Matan da muke tare suka ce ai cikin ne ya yi nauyi, wata ta ɗaukar mini ruwan zuwa gida.

Na zaci zuwa gobe zai wuce. Bai wuce ba. Cikin kwana goma na koma salla a zaune, daga baya zaman ma ya gagara, sai in kishingiɗa a gefen dama in yi ta da ka. In na yi atishawa sai na riƙe dirkar ɗaki. Gefen ƙafata ya mutu, ko ƙaya na taka ba na ji, amma cikin cinyar wuta ke ci. Na haihu sau biyu, na san naƙuda. Ita naƙuda tana zuwa tana tafiya, tana ba mutum wurin numfashi. Wannan kuwa bai taɓa ba ni ba.

Inna ta yi iyakar abin da ta sani. Ta dafa ganyen sabara ta gasa mini ƙugu. Ta shafa mini man kaɗe tana murzawa a hankali da yatsu biyu. Ta ɗumama rairayi a kasko, ta ƙulle a tsumma ta sa mini a katara. Ta yage tsohon zanenta ta ɗaure mini ƙasan ciki don ya ɗan ɗago. An karɓo mini rubutu wurin malamin unguwa na sha kwana bakwai. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho a cinya, da na ce ya hau zuwa kwankwaso ya ce shi ba ya kai aska kusa da cikin mutane.

«Kan yaron ne ya zauna miki a jijiya,» in ji Inna. «Na sha ganin irinsa. Ranar da ya fito ciwon zai bi shi.»

«Inna, saura wata biyu fa.»

«Wata biyu ba shekara ba ce, ɗiyata.»

Ita a wurinta ba shekara ba ce. Ni kuwa ko daga hantsi zuwa azahar sai in ga kamar ba za a kai ba.

Ga shi kaka ta shigo. Kowa yana gona, ana yanka, ana ɗaure dami, mata suna roron wake. Ni ina kwance a inuwar rumbu, ina jin tsohuwa tana daka mini hatsin da ya kamata ni in daka mata. Takan yi luguden nan kaɗan, ta tsaya ta yi tari, ta sake ɗaukar taɓarya. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ni kuma duk bugu ɗaya a ƙirjina yake sauka. Wata rana da yamma dangin maigidana maza suka shigo gaishe ta. Ina bayan ɗaki na tsuguna, na kasa miƙewa. Na jira, na jira, ba su tafi ba, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Daga ƙarshe na rarrafo ta tsakar gida a gabansu, hannu da gwiwa, zanena yana jan ƙasa. Suka kawar da kai suna kallon danga. Ranar ce na ce wa maigidana ya kai ni wurin maɗori.

Maɗorin nan wani tsoho ne cikin arnan da ke zaune a ƙetaren tafki, waɗanda ba su salla. Ɗori gadon gidansu ne, musulmi da arna duk can ake kai karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Maigidana ya taɓa faɗowa daga kan kuka yana tsinko ganye, kafaɗarsa ta goce, shi ya mayar masa da ita. Fatake masu ɗaukar kanwa a ka su ma suna ratsewa wurinsa in bayansu ya riƙe.

Da maigidana ya kai wa Inna maganar, ta daɗe tana tsintar wake ba ta ɗago ba.

«Ƙashinta bai karye ba,» ta ce. «Me zai ɗora?»

«Yana gyara baya, Inna. Na gani da idona.»

«Bayan ƙatti ka gani. Ka taɓa ganin ya gyara bayan da ke riƙe da ciki?»

Ni ina ɗaki ina jin su. Ban taɓa sa baki a maganarsu ba, amma ranar na ce daga inda nake, «Inna, ki yi mini rai. Ba zan kai ba.»

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni. Na san yadda na koma, don na ga fuskata a ruwan ƙwarya: idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage saboda cizo. Ta ce, «To. Amma da ni za a je, kuma abin da na ce a bari, a bari.»

Aka aro jakin maƙwabci. Suka ɗora ni a karkace, ƙafafu biyu gefe guda, maigidana yana ja, Inna tana biye da sandarta. Muka zagaya ta gefen kukokin da ke tsaye cikin ruwa. Duk takun jakin sai na ji shi har cikin haƙorana. Mun riƙe wa maɗorin kaza da busasshen kifi.

Mun tarar da shi a ƙarƙashin tsamiya, da wani falke a gabansa, ƙato, ya tanƙware kamar tsoho ya kasa miƙewa. Muka zauna gefe muna jira. Tsohon ya zaunar da shi a ƙasa, ya sa shi ya miƙe ƙafafu, ya koma bayansa. Ya bi ƙashin bayansa da babban yatsa daga wuya zuwa ƙugu, a hankali, yana tsayawa yana komawa. Sai ya kafa gwiwarsa a kwankwason mutumin, ya zura hannuwa ta hammatarsa, ya ja shi baya ya murɗa. Muka ji ƙas, kamar an karya kara. Falken ya yi wani nishi, ya zauna jim, sannan ya tashi tsaye sak. Ya taka zuwa gindin tsamiyar ya dawo yana shafa bayansa yana dariya. Ban ɗauke ido daga kansa ba. Na lura maigidana ma haka.

Da aka zo kaina, tsohon ya dubi cikina, ya dubi Inna. Sun san juna, suka gaisa gaisuwar manya, ya tambaye ta aiki ta tambaye shi aiki.

«Wata nawa?»

«Ya shiga na takwas,» in ji Inna.

«Ba na taɓa mai ciki,» ya ce. «Ubana bai taɓa ba. Mutum biyu ne a nan, ni kuwa ɗaya hannuna ke ji.»

Na ce, «Baba, abin da ka yi wa wancan, ka yi mini.»

«Wancan ba naki ba ne, ɗiyata. Shi bayansa kaɗai ya kawo. Ke yanzu gaɓoɓinki sun saki, suna shirin buɗewa. Abin da ya yi laushi ba a murɗa shi.»

Na fashe da kuka a gabansu duka, ban ji kunyar kowa ba. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan shi da Inna suka koma gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ya kira matarsa, wata doguwar tsohuwa, ta shimfiɗa tabarma a cikin gida. Suka kwantar da ni a gefen dama, aka sa mini tulin tsumma tsakanin gwiwoyi, Inna ta zauna ta tallafe cikin da hannu biyu. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan katarata ta bisa zane ya danna, ba da ƙarfi ba, ya riƙe ya daɗe. Ya nemi wani wuri a tsakiyar ɗuwawu da yatsa, da ya same shi na yi ƙara, ya ce in yi numfashi, ya riƙe har zafin ya fara narkewa. Daga nan ya kama idon sawuna ya ja ƙafar a hankali, ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙar, ya sake. Yana yi yana tambayar Inna, «Yana motsi?» Ita kuma ta ce, «Yana motsi.» Ba a ji wata ƙara ba. Da ya gama ya ce in tashi.

Na tashi. Ciwon yana nan, amma ya ja baya, ya koma kamar abin da mutum zai iya zama da shi. Na taka har ƙofar gida ba mai riƙe ni.

«Zai dawo,» in ji tsohon. «In ya dawo ku kawo ta in yi mata wannan ɗin dai. Kada ta yi daka, kada ta ɗauki tulu. Iyakata ke nan.»

Kwana biyar na samu. Ban ji maganarsa ba. Rana ta biyu na karɓe taɓarya daga hannun Inna tana faɗa ina dariya, rana ta uku na je ruwa sau biyu, ta huɗu na bi mata roron wake. Ina so a ga ni ma mutum ce a gidan. Rana ta shida da safe na juya zan tashi, sai abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Wannan karon har ƙafar ta daina ɗaguwa, sai dai in ja ta.

Jakin maƙwabci yana jigilar dami, ba a samu aro ba. Maigidana ya tafi shi kaɗai da ƙafa ya roƙi tsohon ko zai zo, ko kuma ya yarda ya yi mini irin ta falken nan sau ɗaya a huta. Ya dawo ya ce tsohon yana jinyar wani mai karayar cinya ba zai iya barinsa ba, a kai ni in an samu hali, amma maganar murɗawa kada a sake yi masa ita.

Bayan kwana uku aka zo da sassafe aka tafi da Inna wata rugga karɓar haihuwa. Kafin ta fita ta ajiye mini fura da ruwa kusa da kaina, ta ce kada in motsa. Da hantsi na ga ba wanda zai ɗora abincin rana, na ja jiki zuwa murhu na hura wuta na ɗora wake. Na juya zan ɗauko itace, ƙugun ya ƙulle. Na faɗi a gefen murhu, kuncina a cikin toka. Ina ji ruwan tukunyar ya ƙone, waken ya fara ƙauri, hannuna bai kai ba. A haka maigidana ya dawo daga gona ɗaukar igiya ya same ni.

Ya sauke tukunyar, ya ɗago ni ya jingina da jikinsa, yana share mini toka da gefen rigarsa.

Na ce, «Ka ga yadda ya yi wa falken nan.»

«Na gani.»

«Ka yi mini.»

«Ni ba maɗori ba ne. Kin ji abin da ya ce.»

«Shi ba a jikinsa yake ba. Gwiwa ce kawai da ja. Ka fi shi ƙarfi.»

«Ƙarfin ne nake tsoro.»

Sai na faɗi maganar da har yau ban san ko da gaske na yi ta ba. Na ce in bai yi mini ba, yana komawa gona zan rarrafa zuwa tafki, ba nisa, in shiga in huta, ni da abin da ke cikina. Na faɗe ta a hankali, ba da kuka ba, ina jin shi ya sa ta kama shi. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai iya ganin ko akuya tana wahala. Ya dube ni ya daɗe. Ya tashi ya ja asabarin ƙofar gida, ya dawo.

Ya zaunar da ni ya miƙar mini da ƙafafu. Cikin ya hana ni zama daidai, sai na buɗe su. Ya durƙusa a bayana, ya ce bismillah, na ji gwiwarsa a kwankwasona, na ji hannuwansa a hammatata. Ya ja kaɗan ya tsaya.

«Ba haka ya yi ba,» na ce. «Ka ja sosai.»

Ya ja, ya murɗa. Aka ji ƙas ɗin nan. Tare da ita na ji wani abu dabam a ƙasan cikina ta hagu, kamar tsohon zane ya yage, ba zafi sosai. Ban faɗa masa wannan ba, don a daidai lokacin wutar da ke cinyata ta mutu. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba: ta mutu. Na kama kafaɗarsa na miƙe, na taka zuwa rumbu na dawo. Ya zauna a ƙasa yana haki kamar wanda ya yi gudu, ya ce, «Alhamdu lillahi. Kada ki gaya wa Inna.» Na ce ba zan faɗa ba. Na wanke tukunya na sake ɗora wake, na share tsakar gida.

Wajen azahar yaron ya yi wani irin motsi, da ƙarfi, yana harbi ta ko'ina, ba irin wanda na saba ba. Daga nan ya yi shiru. Cikin ya fara tauri, ya ƙi saki, har ya koma kamar dutsen niƙa. Na shiga ɗaki na duba, na ga jini baƙi, ba yawa. Na kwanta na ce bari in jira ya motsa. Na sha ruwan sanyi, na buga gefen cikin da yatsa yadda nakan yi masa wasa. Bai amsa ba.

Inna ta dawo da la'asar a gajiye. Tana ɗora hannu a kaina fuskarta ta sake.

«Kin faɗi?»

«A'a, Inna.»

«Kin ɗauki wani abu?»

«A'a.»

«Tun yaushe ya daina motsi?»

«Tun azahar.»

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta aika a kira mata maƙwabta biyu, ta sa aka ɗora ruwa. Naƙudar ba ta zo yadda na san ta ba, ciwo ɗaya ne a miƙe ba hutu, jinin kuma yana ƙaruwa. Ban riƙe abubuwa da yawa ba daga wannan lokacin. Na tuna an riƙe ni a durƙushe ina zamewa, na tuna ana ɗura mini wani jiƙo mai ɗaci, na tuna muryar Inna a kunnena tana cewa kada in yi barci. Sai washegari da hantsi yaron ya fito, mabiyiya ta biyo shi nan take da gudajin jini.

Namiji ne, cikakke, da gashinsa da faratansa. Inna ta share masa baki, ta hura masa hanci, ta yayyafa masa ruwan sanyi, ta sa aka buga ƙarfen fartanya kusa da kunnensa. Ta daɗe tana yi, har ɗaya daga cikin matan ta dafa ta ta ce, «Ya isa haka.» Aka naɗe shi a farin ƙyalle aka miƙa wa maza. Ban ga fuskar maigidana ba sa'ad da ya karɓe shi, hannuwansa kawai na gani ta ƙofa.

Ni ma an fid da rai da ni kwana biyu, sannan jinin ya tsaya. Inna ta yi mini wankan jego cikakke, safe da yamma, ta dama mini kunun kanwa kamar wadda ke da jariri a hannu. Nono ya zo ya cika ya yi ta zuba, ta ɗaure mini ƙirji da zane. Ciwon ƙafar kuwa ban sake jin ko alamarsa ba a shekarun nan na farko.

Tun ina kwance na fara jin abin da matan da ke zuwa gaisuwa ke faɗa. An kai mai ciki wata takwas wurin arne ya tattaɓa ta, me ake jira? Wata ta ce ai an ce hawa cikin ya yi da ƙafa. Wata ta ce ba hannu ba ne ma, abin da yake bauta wa ne ya karɓi rabonsa. Inna tana zaune tana jin su, ita da ta riƙe cikin da hannunta ta ga duk abin da aka yi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni kuma na juya fuska bango.

Rana ta bakwai, ranar da da an yi suna, tsohon ya zo da kansa. Ya zagayo tafki da ƙafa. Ya zauna da maigidana a ƙofar gida ya yi masa gaisuwa, sannan ya nemi a bar shi ya yi mini magana ta bayan zana. Na ji an ajiye masa kujera, na ji ƙarar gwiwoyinsa da ya zauna.

«Ɗiyata, ya jiki?»

«Da sauƙi, Baba.»

«Na kwana bakwai ina bin abin da na yi miki a raina, ban ga inda na kuskure ba. Amma mutum yakan kuskure bai sani ba. Ina so in sani, don wata kada ta zo. Bayan ni, wani ya taɓa bayanki?»

Ta ƙasan zanar ina hango ƙafafun maigidana a tsaye kusa da shi. Yatsunsa sun nutse cikin rairayi.

Na ce, «A'a, Baba.»

Ya gyara zama a kan kujerar. Sannan ya ce, «To. Allah ya ba da haƙuri.» Ya tashi.

Mutanen unguwarmu suka daina kai masa kowa, sauran unguwanni suka bi. Da sanyi wani masunci ya karye a ƙwauri, danginsa suka ƙi ƙetara tafki da shi, suka ɗauke shi tafiyar kwana biyu zuwa wurin wani. Ƙafar ta haɗe a karkace, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, kullum ta ƙofar gidanmu yake wucewa zuwa ruwa. Bayan damina ta gaba muka ji tsohon ya kwashe iyalinsa ya koma wurin danginsa a yamma, wajen garin Sarkin Yamma. Can ya mutu, ban san shekarar ba.

Ni da maigidana ba mu taɓa yin maganar ba. Sau ɗaya, muna ɗaure dami a gona mu biyu, ya ce, «Ranar nan…» Na ce rana ta yi, mu gama mu tafi. Bai sake ba. Ya rage dariya, ya ƙara daɗewa a cikin tafki. Ko ciwon kai na yi ba ya dafa ni, sai dai ya kira uwarsa. Na sake haihuwa uku bayan nan. A na biyunsu ciwon ya dawo a ƙafar nan dai, na yi wata biyu ina rarrafe, ban nemi kowa ya taɓa ni ba. Yarinyar ta zo lafiya, ciwon ya tafi cikin kwanakin wanka.

Shekara goma sha wani abu suka wuce, Inna ta kwanta ciwon ajali. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka. Wata safiya na zaunar da ita a bayan ɗaki ina cuɗa mata baya, ta rame har ina ƙirga haƙarƙarinta da soso. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta. Na gaya mata duka, tun daga waken da ya ƙone har abin da na ce game da tafki.

Ta bari na gama. Ta ce, «Ƙara ruwan ɗumi.» Na ƙara.

«Na sani,» ta ce. «Ranar da na fara yi miki wanka na ga shatin a kwankwasonki, baƙi, faɗin gwiwa. Na ga na yatsu a hammatarki. Tsohon nan bai kai hannu wurin ba, ina zaune.»

Soson ya tsaya a hannuna. Na ce, «Kika bari aka ɗora masa?»

«Ɗana ne.»

Ta yi tari ta huta, sannan ta ci gaba. «In na faɗa, da wane ido zai zauna a garin nan? Mutumin da ya kashe ɗansa da gwiwarsa. Ke kuma danginki su zo su tafi da ke. Na auna, na zaɓa. Ban ce na yi daidai ba.»

«Inna, shi ne ya kashe shi? Abin da muka yi?»

«Wannan ban sani ba. Na ga wadda ta faɗo daga kan jaki ta haihu lafiya. Na ga wadda ba ta ɗaga ko ludayi ba, mabiyiyarta ta saki haka kawai. Ga dakan da kika yi, ga tulu, ga hanyar da muka bi. Na juya shi shekara da shekaru ban samu bakinsa ba. Abin da na sani, ba tsohon nan ba ne, kuma mu uku muka bar shi ya tafi da laifin.»

Na ɗauraye ta, na ɗaura mata zane, na goya ta zuwa ɗaki. A hanya ta ce kusa da kunnena kada in gaya wa ɗanta cewa ta gani. Ta rasu bayan kwana tara. Maigidana ya yi shekara shida a bayanta, shi ma ya tafi, bai san uwarsa ta sani ba.